Wa ke raɗa wa duwatsun sama suna, kuma yaya ake sanin hanyarsu?

Tambaya daga wani malamin sakandare a Daura: "Ɗalibaina sun ji a rediyo cewa an sa wa wani dutse da ke yawo a sararin samaniya sunan wani masani ɗan ƙasar Senegal. Sun tsare ni da tambaya. Yaya ake gano irin waɗannan duwatsu? Wa ke da ikon raɗa musu suna? Mu ma za mu iya sa wa ɗaya sunan Daura? Kuma ba za su faɗo mana wata rana ba?"

Malam, Allah ya ƙara basira, kai da yaran naka. Abin da suka ji gaskiya ne. Mutumin shi ne Maram Kairé, masanin taurari ɗan Senegal, kuma a 2021 aka sa sunansa a kan dutse mai lamba 35462, ɗaya daga cikin duwatsun da ke kewaya rana tsakanin duniyoyin Mirrihu (Mars) da Mushtari (Jupiter). Amma kafin mu zo kan suna akwai abin da nake so yaran su riƙe, domin duk sauran amsar a kansa take tafiya. A wannan fanni, ganin dutse ba shi ne gano shi ba. Ɗigon haske ne kawai, bai da kamanni, bai da alamar da za ka shaida shi gobe. Abin da ke bambanta shi da ɗan'uwansa shi ne falakinsa, wato hanyar da yake bi yana kewaya rana. Sai an san wannan hanya har an iya cewa "ranar kaza, shekara kaza, za a same shi a wuri kaza" kuma a same shi ɗin, sannan ake ba shi lamba, sannan a zo maganar suna.

Bari mu ɗauki dutse ɗaya mu bi shi tun daga tushe. Na zaɓi Vesta, saboda shi ne mafi haske a cikinsu, kuma yaranka za su iya ganinsa da kansu.

Da farko awo. Tsakanin duniyarmu da rana akwai kilomita kusan miliyan 150. Masana suna ɗaukar wannan nisa a matsayin awo 1. Mirrihu tana awo 1.5 daga rana, Mushtari kuma awo 5.2. A tsakaninsu akwai wani makeken fili, kuma yawancin duwatsun nan suna cikinsa ne, daga kamar awo 2.1 zuwa 3.3. Shi ake kira babban zoben duwatsu.

Wannan fili ya daɗe yana damun masanan Turai. A ƙarni na 18 wasu Jamusawa biyu, Titius da Bode, suka yaɗa wani jerin lambobi da ya yi daidai da nisan duniyoyin da aka sani: 0.4, 0.7, 1.0, 1.6, 2.8, 5.2, 10.0. Kowace lamba tana da duniyarta, ban da 2.8. Da William Herschel ya gano Yuranus a 1781 aka ga ta faɗa kusa da lamba ta gaba a jerin, 19.6, sai mutane suka sakankance cewa lallai akwai wata duniya a ɓoye a 2.8. A 1800 har ƙungiya aka kafa a Jamus, aka raba sama kashi-kashi don a nemo ta. Jerin nan dai daga baya ya rushe, domin Naftun da aka gano a 1846 ba ta bi shi ba, amma ya riga ya sa an ɗaga kai an duba inda ya kamata.

Wanda ya dace ba ya ma cikin farautar. Giuseppe Piazzi, wani limamin Kirista da ke kula da ɗakin duban taurari na Palermo a tsibirin Sisili, aikinsa kawai yake yi na jera taurari a littafi. A daren 1 ga Janairu 1801 ya auna wani ƙaramin tauraro a burujin Sauru, ɓangaren saman da Kaza da 'Ya'yanta suke. Washegari da ya sake aunawa sai ya ga ya ɗan gusa. Ya ɗauka kuskurensa ne. Dare na uku ya sake gusawa. Haka ya yi ta binsa har 11 ga Fabrairu, sannan rashin lafiya ta kwantar da shi, kuma kafin labari ya isa ga sauran masana abin ya matsa kusa da rana, haskenta ya shanye shi. Ceres ke nan, na farko kuma mafi girma a zoben, mai faɗin kilomita kusan 940. An gan shi, an kuma rasa shi.

A nan ne ainihin matsalar take, kuma ina so ka tsaya a kanta da ɗalibai. Madubin hangen nesa yana gaya maka ta wane gefe abu yake, amma ba ya gaya maka nisansa. Ga shi kai mai kallon ba a tsaye kake ba, duniyar da kake kanta tana gudu kilomita kusan 30 a daƙiƙa. Motsin da kake gani a sama gauraye ne, nasa da naka. Piazzi ya bar ma'aunai na kwana 41, kuma duk tafiyar da abin ya yi a sama cikin wannan lokaci ba ta wuce digiri 3 ba. Daga wannan ɗan guntu ake so a fitar da hanyar da ke ɗaukar shekara 4.6 kafin a gama ta. Manyan masu lissafi suka gwada, aka duba inda suka nuna, babu komai.

Sai wani saurayi ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, ya shiga maganar. Tunaninsa shi ne: lambobi shida ne ke bayyana kowane falaki. Ɗaya girmansa, ɗaya yadda ya kauce wa cikakkiyar da'ira, uku yadda ya kwanta a sarari, wato karkatarsa da inda ya fuskanta, na shida kuma inda dutsen yake a kan hanyar a wani lokaci sananne. Kowane duba guda yana ba da lamba biyu, tsawo da faɗi a fuskar sama. Duba uku ke nan sun ba da shida. Saura dabarar warware su ba tare da an yi zaton komai game da siffar hanyar ba, sai dai cewa tana bin dokar Kepler, masanin da ya bayyana yadda duniyoyi ke kewaya rana, kuma wannan dabarar ce Gauss ya ƙirƙiro. Sauran ma'aunan ya yi amfani da su wajen rage kuskure. Wurin da ya nuna ya yi nesa da na kowa. A Disamba 1801 Franz von Zach ya duba can ya sami Ceres, likita Heinrich Olbers ma ya same shi a farkon Janairu 1802. Ni a ganina Piazzi ya gani, amma ba don Gauss ba da yau ba mu da abin da za mu kira Ceres. Har gobe kwamfutocin da ke wannan aiki suna farawa ne da jikokin dabararsa.

Olbers ɗin nan likita ne a birnin Bremen, da rana yana duba marasa lafiya, da dare yana hawa saman gidansa da madubi. A ranar 28 ga Maris 1802, yana bibiyar Ceres, sai ya ci karo da wani, Pallas, a kusan nisa ɗaya daga rana. An nemi duniya ɗaya, ga ƙanana biyu. Sai ya kawo shawara: wataƙila wata babbar duniya ce ta fashe, waɗannan ɓaraguzanta ne. In haka ne, dukkan gutsattsarin dole su riƙa ratsawa ta wurin da aka yi fashewar, da kuma kishiyarsa a ɗaya gefen rana. Ya lissafa wuraren biyu, ɗaya a burujin Sumbula, ɗaya a wajen taurarin Kifin Teku, ya dinga gadinsu shekara da shekaru. Karl Harding ya sami Juno a 1804. Shi kuma Olbers, a daren 29 ga Maris 1807, ya sami Vesta a Sumbula.

Abin dariyar shi ne shawarar tasa ba daidai ba ce. Babu duniyar da ta fashe. In ka tattara duk duwatsun zoben ka dunƙule su, ba za su kai kashi 5 cikin 100 na nauyin watan da muke gani a sama ba, kuma sinadaransu sun sha bamban ƙwarai. Abin da ya faru shi ne duniyar ba ta taɓa haɗuwa ba. Shekara biliyan 4.5 da suka wuce, lokacin da ƙura da tsakuwa ke manne wa juna suna zama duniyoyi, ƙarfin jan Mushtari ya dama wannan yanki. Duwatsun suka koma karo da gudu mai tsanani, kamar kilomita 5 a daƙiƙa, wanda ke farfasawa maimakon haɗawa. Olbers ya sami Vesta ne saboda naci, da kuma cewa wurin da yake gadi yana kan hanyar da duniyoyi ke bi ko ma yaya.

To ga hanyar Vesta. Matsakaicin nisansa daga rana awo 2.36 ne, kilomita kusan miliyan 353. In ya kusanto yakan zo awo 2.15, in ya nisanta ya kai 2.57. Ma'aunin kaucewarsa daga cikakkiyar da'ira 0.09 ne, inda sifili ke nufin da'ira sak, saboda haka in ka zana shi a allo da kyar ido zai ga bambanci. Hanyar tasa ta karkata da digiri 7 daga shimfiɗar da duniyarmu ke kewaya a kai. Ceres digiri 10.6 ne, Pallas kuwa ya kai kusan 35, shi ne ɗan taurin kan cikinsu. Faɗin Vesta kilomita kusan 525, wato ya kusa nisan Daura zuwa Maiduguri in an ja layi a miƙe, kuma yana juyawa a kansa sau ɗaya cikin awa 5 da minti 20.

Ga aikin aji da nake ba ka shawara, domin ya fi dogon bayani. Dokar Kepler ta uku ta ce: ka ninka nisa da kansa sau uku, ka ɗauki saiwar abin da ya fito (wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi), ka sami shekarun kewaye. A ba yara 2.36. Su buga 2.36 sau 2.36 sau 2.36, za su sami kusan 13.14. Saiwarsa 3.63. Shekara 3.63, kuma haka Vesta yake ɗauka. A ba su 2.77 na Ceres, za su fito da 4.6. A ba su 5.2 na Mushtari, za su fito da kusan 11.9. Yaro in ya ga kalkuletar wayarsa ta fitar da shekarar Mushtari, ba ya sake kallon lissafi a matsayin azabar jarrabawa.

Tunda mu muna gama kewaye cikin shekara 1 shi kuma cikin 3.63, mukan cim masa mu wuce duk bayan wata 16 da rabi. Lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana, wanda malaman falaki ke kira muƙabala, shi ne lokacin da ya fi kusa, ya fi haske, yana fitowa da magariba ya faɗi da asuba. An yi muƙabala mai kyau a Yuni 2018, an yi wata a farkon Mayu 2025. In ta zo daidai da kusancinsa da rana, mai kaifin ido a wuri mai duhu yakan gan shi ba tare da komai ba. Dalilin haskensa shi ne fatarsa tana mayar da kusan kashi 40 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, Ceres kuwa baƙi ne, bai kai kashi 10 ba.

Mu a nan mun yi sa'ar wuri. Katsina da Daura suna kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, hanyar burujai, wadda duniyoyi ke ratsawa a sama, tana bi ta kusan tsakar kanmu, ba can ƙasa-ƙasa ba kamar yadda Olbers ya sha fama. Abokan gabanmu biyu ne, ƙurar hunturu da gajimaren damina. Sama mafi tsabta ita ce ta daren da ruwa ya ɗauke ya wanke iska, ko ta kaka kafin buji ya taso. Ba na ba kowa shawarar fita bayan gari da yara cikin dare a halin da ake ciki. Filin makaranta ya isa, musamman in an ɗauke wuta kuma babu farin wata. A sa manhajar Stellarium a waya, kyauta ce, a nemi Vesta. A sami tabaron hangen nesa irin mai ido biyu. Yaro ya zana taurarin da ya gani a wurin a takarda, duk ɗigon da ke nan. Bayan kwana biyu ya koma ya sake zanawa. Ɗigo ɗaya zai tarar ya bar wurinsa, domin kusa da muƙabala yakan gusa kamar rabin faɗin wata a kwana guda, kuma yamma yake yi, ja da baya, saboda mu ne ke wuce shi. Abin da Piazzi ya gani ke nan, ba ƙari ba ragi.

Mu zo kan suna. A farko wanda ya gano shi ke faɗa, a yi gardama, a daidaita. Piazzi ya so ya haɗa da sunan sarkinsa Ferdinand, sauran ƙasashe suka ƙi, aka bar Ceres. Olbers kuwa, da ya sami nasa na biyu, sai ya bar wa Gauss girmamawar zaɓen suna, shi kuma ya zaɓi Vesta, wadda Rumawan dā suke ɗauka allahiyar murhu da gida. Na san wani yaron zai tambaya ko ya halatta a riƙa kiran sunayen gumaka. Lakabi ne na rajista, babu mai bauta a ciki, kuma mai ƙyamar sunan yana iya cewa dutse mai lamba 4, masana za su gane shi sarai.

Bayan Vesta sai aka yi shekara 38 shiru, har wani tsohon ma'aikacin gidan waya, Karl Hencke, ya sami na biyar a 1845. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1891 Max Wolf a Heidelberg ya fara amfani da hoto: a bar kyamara a buɗe tana bin taurari na awanni, taurari su fito ɗigo-ɗigo, dutse ya fito ɗan layi. Sunayen alloli mata suka ƙare, aka koma matan aure, 'ya'ya, garuruwa. Namiji ma sai an mayar da sunansa na mace, shi ya sa lamba 1000 Piazzia ce, 1001 Gaussia, 1002 Olbersia. Yau manyan madubai masu sarrafa kansu, irin Pan-STARRS a Hawaii da Catalina a Arizona, su ke kwashe kusan komai. Waɗanda aka sani sun haura miliyan 1, amma masu suna ba su kai 30,000 ba.

Tsarin yanzu mataki uku ne. Duk wanda ya ga sabon ɗigo yana aika ma'aunansa ga Cibiyar Ƙananan Duniyoyi, wadda aka kafa a 1947, yanzu tana Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka, ƙarƙashin Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya. In an gan shi a dare fiye da ɗaya kuma bai dace da wani sananne ba, sai a ba shi lambar wucin gadi. Tana da sauƙin karantawa. Shekara, sai harafi na farko da ke nuna rabin wata: A shi ne 1 zuwa 15 ga Janairu, B sauran Janairu, C farkon Fabrairu, haka har Y, ana tsallake I. Harafi na biyu yana nuna na nawa ne a wannan rabin watan, A zuwa Z ban da I, guda 25. In sun ƙare a sake daga A a liƙa lamba. Ɗauki 2024 YR4 da ya tayar da hankalin duniya a farkon 2025: Y rabin ƙarshe na Disamba, R na 17, an zagaya sau 4, wato 100 da 17, na 117 ke nan.

Mataki na biyu shi ne lamba ta dindindin, kuma nan ne haƙuri yake. Dutsen babban zobe yawanci sai an gan shi a muƙabala huɗu ko fiye, hanyarsa ta tabbata yadda ba zai sake ɓacewa ba. Ka lissafa da wata 15 ko 16 tsakanin kowace biyu, ka ga shekaru ne. Mataki na uku, wanda aka rubuta a matsayin mai ganowa yana da shekara 10 ya kawo suna da ɗan gajeren dalili, wani kwamitin ƙungiyar ya duba ya amince, a buga a mujallarsu. Sunan kada ya wuce harafi 16, ya zama ana iya furta shi, ba zagi, bai yi kama da wani da ke akwai ba, ba tallan kaya ba. Ɗan siyasa ko jarumin yaƙi sai ya shekara 100 da rasuwa. Wannan doka ta ƙarshe, mu da muke sa wa kowace kwalbati sunan mai mulki, ina ganin mun san amfaninta.

Sunayen Afirka suna nan da dama, galibi saboda Cyril Jackson da ya yi aiki a Johannesburg a shekarun 1930: 1193 Africa, 1268 Libya, 1278 Kenya, 1279 Uganda, 1430 Somalia, 1432 Ethiopia. Malaman Musulunci na dā ma suna ciki, 2755 na Ibn Sina ne, 9936 na Al-Biruni, 11156 na Al-Khwarizmi, 59239 na Ibn al-Haisam. Saboda haka sunan Daura, ko Kusugu, ko Gobarau, babu dokar da ya taka. In da ni za a tambaya, Muhammad al-Katsinawi zan kawo, masanin lissafi da falaki ɗan Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ba ya yiwuwa shi ne saye. Duk shafin intanet da ya ce ka turo kuɗi a sa wa tauraro ko dutse sunanka, takarda kawai zai sayar maka, babu masanin da zai san da ita.

Hanya biyu ce ta gaskiya. Ko wani mai ganowa ya ga aikinka ya karrama ka, kamar yadda aka yi wa Kairé, wanda ya jagoranci tawagogin Senegal da suka taya hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, auna wasu duwatsu ta hanyar kallon yadda suke kare hasken tauraro na ɗan lokaci. Ko kuma ku gano da kanku. Akwai wani shiri na ƙasa da ƙasa, IASC, da aka fara a 2006 a jami'ar Hardin-Simmons ta Texas, yana raba wa makarantu hotunan Pan-STARRS kyauta, kuma ƙungiyoyi daga Nijeriya suna shiga. Abin da ake buƙata kwamfuta mai Windows, data, da manhajar Astrometrica. Za a turo muku hotuna huɗu na wuri ɗaya a sama, an ɗauke su da tazarar mintuna. Manhajar tana jera su tana walƙa su ɗaya bayan ɗaya. Taurari suna tsaye cik, ku kuma kuna neman ɗigon da ke tafiya a miƙe, da taki ɗaya, haskensa bai canzawa. Yawancin abin da zai yi kamar motsi dattin kyamara ne, kuma koyon bambance su shi ne rabin aikin. Ka gaya wa yaran gaskiya tun farko: daga rahoton farko zuwa ranar da za a ce su kawo suna, in ma an kai can, ɗan aji ɗaya na iya gama jami'a.

Saura tambayar faɗowa. Vesta kansa ba zai zo ba. Mafi kusantarsa da mu ya haura kilomita miliyan 160, ko hanyar Mirrihu ba ya taɓawa. Zoben ma ba cunkushe yake ba kamar yadda ake zana shi, kumbon Pioneer 10 ya ratsa shi a 1972 zuwa 1973 lafiya lau, wasu da dama sun bi bayansa. Amma gutsattsarinsa suna zuwa, kuma yadda suke zuwa ya koma kan falaki ne.

A 1866 Daniel Kirkwood ya lura cewa in aka jera duwatsun bisa nisansu, akwai wasu gurabe da babu kowa. Mafi shahara yana awo 2.5. A yaran su buga lissafin Kepler: 2.5 yana ba da shekara 3.95, kashi ɗaya cikin uku na shekarar Mushtari daidai. Dutsen da ke nan yana kewayawa sau uku, Mushtari sau ɗaya, sai su sake haɗuwa a wuri guda, Mushtari ya ja shi ta gefe guda. Kamar mai tura yaro a lilo ne: ba ƙarfin turin ba, dacewarsa da lokaci ita ke sa lilon ya yi ta nisa. A hankali hanyar dutsen tana miƙewa har ta ratsa ta Mirrihu, ta ratsa tamu, ko ta kai shi cikin rana.

Kumbon Dawn, da ya zauna a gefen Vesta daga Yuli 2011 zuwa Satumba 2012 kafin ya wuce Ceres, ya nuna inda gutsattsarin suka fito. A kudancinsa akwai wani rami, Rheasilvia, mai faɗin kilomita kusan 500, kusan faɗin dutsen gaba ɗaya, da tsauni a tsakiya wanda ya ninka Everest, tsauni mafi tsawo a duniyarmu, fiye da sau biyu. Karon da ya haƙa shi, kimanin shekara biliyan 1 da ta wuce, ya watsa dubban ƙananan duwatsu da har yau ke bin hanyoyi masu kama da ta uwarsu. Zafin rana da suke sha su fitar yana tura su kaɗan-kaɗan, cikin miliyoyin shekaru wasu su gangara cikin gurbin Kirkwood. Tun 1970 aka lura cewa launin hasken Vesta ya yi daidai da na wani jinsin duwatsu da ke faɗowa duniya, masu kama da daskararren aman wuta, kuma Dawn ya ƙarfafa wannan. Wanda ya faɗo a Bilanga ta Burkina Faso a Oktoba 1999 daga wannan jinsi yake. Haka wanda ya fashe a saman Botswana ranar 2 ga Yuni 2018. Shi wannan an hango shi awanni kaɗan kafin ya iso, aka ba shi lamba 2018 LA, wato na farko a rabin farko na Yuni, girmansa bai wuce mita biyu ba, babu wanda ya ji ciwo, kuma daga baya aka tsinci gutsattsarinsa a dajin Kalahari.

Mu ma a nan jihar Katsina an taɓa yi mana baƙo. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da dutsen Zagami, 'yan taku kaɗan daga wani manomi. Shi dai ba daga zoben ya zo ba, bincike ya nuna daga Mirrihu ya ɓallo, kuma yau duk ɗakin binciken duwatsun sama a duniya ya san sunan Zagami, domin waɗanda suka faɗo ƙasa sunan wurin da suka faɗa ake ba su. In irin haka ta faru a wajenku, a gaya wa mutane kada su fasa shi suna neman zinariya, babu ita a ciki. Kada a wanke shi, kada a goga masa mayen ƙarfe. A ɗauki hotonsa a inda ya faɗa, a rubuta rana da lokaci da gefen da aka ji ƙarar, a sa shi a leda mai tsabta da busasshen hannu, a sanar da mai gari, sannan a nemi sashen nazarin ƙasa da ma'adinai na jami'a mafi kusa.